Sunan da Ban Kira Ba

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ta faɗi, ya ba bawa ƙafa ya yanka mata iyaka. Shekarau, matso nan. Ladidi, ajiye tsintar waken nan, ba gudu zai yi ba. Baƙo, kora yaran gidan maƙwabta ka sakaya ƙofar zaure. Ni ce Tabawa 'yar Nomau, matar marigayi Malam Barmo, wadda ta fita Birnin Kalgari ta Ƙofar Gabas ta shigo ta Ƙofar Yamma, kuma yau zan buɗe abin da na rufe shekara talatin da shida.

Kun san kuna da yaya. Na ce muku ta faɗa ruwa a Gangaren Igiya ta mutu, kuka yi mata sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ƙarya na yi. Tana raye, ni na baro ta. Shekarau, na ga jijiyar wuyanka ta tashi irin ta ubanka. Zauna. Kada wanda ya buɗe baki sai na kai ƙarshe, sannan maganar ta zama taku.

Asalin abin gardamar maza ce a gindin durumi. Wani baƙon falke ya sauka a garin nan, ya ce duniya a dunƙule take kamar ƙwallon goruba, wanda ya miƙi gabas bai juya ba wata rana zai hango ƙeyar gidansu daga yamma. Kowa ya yi dariya sai ubanku, shi ya ce maganar tana da kai. Sai dariyar ta bar baƙo ta dawo kansa. Wata uku ana ce masa Malam Goruba, har yaran kasuwa. Ran nan ya shigo ya ce, "Tabawa, zan je in gani."

Na ce, "Ka ga me?"

"Ƙeyar gidan nan."

"Zagaya bayan katanga mana, tana nan kusa da turken awaki."

Bai yi dariya ba, ya riga ya rantse a gaban mutane. Na dubi mutumin nan da bai iya hura wuta ba, bai bambance gishiri da kanwa, na san in ya tafi shi kaɗai kura ce za ta yi masa sutura. Na ce, "Ba za ka bar ni da 'ya'ya uku ina zaman jiran labarin gawa ba. Ko mu zauna duka, ko mu tafi duka." Na zaci 'ya'yan za su ɗaure masa ƙafa. Washegari sai ga shi da jakuna biyu. Wannan shi ne wayona na farko, kuma ku lura da kyau inda wayo yake kai mai shi.

Muka fita da hantsi. Yayarku tana da shekara shida, Shekarau yana da huɗu, Ladidi tana bayana.

Sai na tsaya a kan yayarku, don a nan ƙullin yake. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar ubanku aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Ku kuna ce mata Uwani, ubanku yana ce mata Uwata. Ni ko Uwanin bai fita a bakina. "Ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya. Ba na kallonta a gaban mutane, ba na yabonta, in an ce tawa ce sai in ce ta mutane ce. Haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. Ba wanda ya taɓa mutuwa da wannan a Kalgari, domin yaron da uwarsa ba ta kallo yana da goggonni da innoni goma masu kallonsa. Abin da ban lissafa ba, a hanya babu goggo.

Kitso kaɗai ke haɗa jikina da nata, don mai kitso a baya take zama, ba ta ganin fuska. Ina yi mata wani iri da na ƙago da kaina, silin gashi biyar maimakon uku, yana wata biyu bai warware ba. Tana zaune tsakanin ƙafafuna tana bin motsin yatsuna da fatar kanta, har ta iya ba tare da na koya mata ba.

Mun wuce garin da ake gina ɗaki da gishiri, ruwan sama ɗaya ya mai da mutanensa marasa gida. Mun haye kogin da ke gangarawa da safe ya dawo da yamma. A shekara ta biyu muka isa Ƙasar Kallau, inda hanya ɗaya tak ta ratsa tsakanin duwatsu biyu. Mutanen Kallau ba sa noma, ba sa kiwo, matafiya suke ci. Kuma ba sa tambayar abin da kake da shi. Shimfiɗa maka tabarma suke a fili, su baje kayanka da iyalinka a gabanka, tsofaffinsu su kewaye ka da idanu rambaɗau da kwalli tun hantsi har azahar. Abin da idonka ya fi komawa kansa, shi suke ɗauka.

A bakin hanyar muka gamu da wata mata tana tafe ita kaɗai da zanen goyo a hannu, ba goyon. Ita ta gaya mini yadda mutanen Kallau suke yi.

Na ce wa ubanku, "Malam, takalminka za ka kalla har a tashi."

Ya ce, "To."

Ko rabin hantsi bai yi ba idonsa ya zame kan gafakar littattafansa. Suka ɗauke, har da wanda yake rubuta kwanakin tafiya a ciki. Ni kuwa da suka kwance Ladidi daga bayana suka ajiye ta tana tsala kuka, sai na jawo wata tsohuwar tukunya mai tsaga, na kafa mata ido, na shiga hawaye. Hawayen na gaske ne, tukunyar ce ta ƙarya.

Babban tsohonsu ya ce, "Baiwar Allah, wannan kaskon fa?"

Na ce, "Na uwata ne, baba. A ciki ta dafa mini kunun jego."

Ya ce a ɗauka. Sannan ya nuna yayarku da sanda. "Waccan baiwarki ce? Tun safe ko sau ɗaya ba ki dube ta ba."

Na ce, "Kaya ce kawai. In kuna so ku ɗauka, ku rage mini bakin ci."

Ya yi dariya ya ce, "Abin da ba a so ba shi da amfani a wurinmu. Amma ki gode wa Allah ba ma karɓa daga hannun yara. Tun da aka zauna ke take kallo."

Muka wuce da 'ya'yanmu cif. Na yi ta jin kaina kamar wadda ta ci kasuwa, ina cewa a raina ashe kunya ma garkuwa ce. Yarinya 'yar shekara takwas tana bayana ta ji abin da na faɗa, ban juya na ce mata dabara ce ba. Ta ina zan fara, ni da ba na yi mata magana sai da gefen baki?

Daga nan hanya ta karkata arewa, shekara uku muna hawa, har muka shiga ƙasar da rana ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ta kewaya gefen sama kamar akuya a turke. Ubanku ya rasa lokacin salla, ni na huda masa ƙwarya ruwa yana ɗiga muna auna wuni da shi, har sanyi ya mai da ruwan dutse. Ƙasar fara fat, ba itace, ba ciyawa. Jakunan suka mutu, muka ci namansu, Allah ya yafe mana. Ladidi, kin sha tambayata inda yatsunki biyu na ƙafar hagu suka tafi, na ce miki sanyi ne. Ban gaya miki yadda aka yi sauran takwas suka tsira ba. Yayarki ce ta kwance zanenta ta cusa ƙafafunki a cikinta, fata da fata, wuni guda tana karkarwa haƙoranta suna kaɗawa. Ina gani ta wutsiyar ido. Da kika motsa yatsu, abin da na ce mata shi ne, "Ke, ɗaura zanenki, ba ki ga maza ba?"

A shekara ta bakwai muka shiga babban teku a jirgin fata, irin na mutanen da ke sa fatar kifi a jiki. Kwana sittin ba tudu. Ruwan sha ya koma ludayi ɗaya a wuni. Ladidi, kin tuna ina ba ki rabin nawa in ce ki kai wa yayarki, ki ce na Malam ne? Har yau tana can tana zaton na ubanta ne.

A cikin jirgin nan naƙuda ta kama ni. Ba mace sai ni da ita. Maza suka koma ƙarshen jirgi suka juya baya. Abin da ko a mafarki 'yar fari ba ta gani, ita ta gani, tana da shekara goma sha uku. Baƙo, ita ta karɓe ka, ita ta yanke maka cibiya da askar ubanka, ta share maka baki da yatsanta har ka yi kuka. Da komai ya lafa ta rufe ni da zane, ta durƙusa dab da kaina ta ce a hankali, "Inna, ki kira ni mana sau ɗaya. In ji yadda yake a bakinki. Ba mai ji."

Gaskiya ta faɗa, ba mai ji, teku yana ta ruri. Na ce, "Miƙo mini yaron, ke."

Ta miƙo. Ba ta sake tambaya ba.

A shekara ta tara muka iso Gangaren Igiya. Shekarau da Ladidi, kun tuna shi. Ƙasa ce ta tafi sumul sannan ta yanke kamar an sare ta da gatari, daga kudu har arewa ba a san inda yankan ya tsaya ba. Wani kogi mai faɗin gari yana zubawa a wurin, ƙararsa ba ta barin mutum ya ji tarin kansa in ya matsa kusa. Ƙasan sai hayaƙin ruwa. A bakin gangaren akwai gari guda, aikinsu ɗaya, tufkar igiya. Suna sa matafiyi a kwando daɓe da ƙaro, su zura shi da igiya har ya taɓa ruwa, ƙugiya ta saki, kogi ya fizgi kwandon ta cikin kwazazzabo rabin wuni kafin ya tofar da shi a kan yashi. Igiya ce take komawa sama. Kwando bai taɓa komawa ba, mutum ma haka, ko tsuntsu ba ya iya keta iskar wurin.

Ran da muka isa gari ya yi garau, ubanku ya hango dutse mai kai biyu can nesa a gabas, ƙanƙane kamar haƙorin yaro. Dutsen Kalgari. Ya zube ya yi sujada yana kuka yana cewa, "Goruba ce, Tabawa! Wallahi goruba ce!" Na ce, "Na ji, tashi, kana tara mana mutane."

Suka sauke mu kwana bakwai, ba su karɓi ko allura ba. Shugabarsu wata tsohuwa ce da suke kira Uwar Igiya, tafin hannunta kamar ƙirgi. Muna magana da ita da harshen matafiya da muka tsinta a hanya. Kwana na uku yayarku ta zauna cikin masu tufka, ta ɗauki zare ta yi musu silin nan biyar. Mata suka yanyame ta. Aka ɗaura wa guntuwar igiyarta dutsen da ke tsinka tasu, ba ta tsinke ba. Uwar Igiya ta kama hannayenta tana jujjuyawa, ta ce, "Shekara hamsin ina wannan aiki ban ga hannu irin wannan ba."

Na ce a raina, Tabawa, ga Kallau ta biyu. Ba a ciyar da baƙo kwana bakwai a banza. Sun ga abin da suke so, jira suke su ga ko ina son sa.

Ranar sauka ita ce ta ƙarshe a shekarar, don daga azahar iska za ta juya, sai bayan wata shida. Kwando uku aka ba mu. Ni na tsara shiga. Na ce igiya ta fi ƙarfi a zurin farko, saboda haka Malam ya tafi da Ladidi da Baƙo. Na ba ka nono, Baƙo, na ɗaure ka a ƙirjin ubanka, lokacin ba a yaye ka ba. Na biyu Shekarau da kaya. Na uku ni da ita.

Kafin yaro ya shiga kwando, Uwar Igiya tana dafa kansa ta tambayi uwar a gaban jama'a. Ta dafa Ladidi ta ce, "Wannan ta wace ce?" Na ce, "Tawa ce, Ladidi." Ta dafa Baƙo, na ce, "Nawa ne." Shekarau ma haka. Kuka sauka, hayaƙin ruwa ya haɗiye ku, igiya ta dawo ba kowa.

Sai ta dafa kan yayarku.

"Wannan ta wace ce?"

Na kau da kai na ce, "Ta babanta ce."

Ta dube ni. Ta sake cewa, "Wannan ta wace ce?"

"Ta mutane ce."

Na ga matan suna kallon juna, na ce a raina, yauwa, dabara tana ci. Uwar Igiya ta ɗaga murya ta ce, "Baƙuwa, na uku ke nan. Wannan ta wace ce, kuma yaya sunanta?"

Na ce, "Wannan? Kaya ce kawai. Ni ba na kiran sunanta."

Tsohuwar ta ɗauke hannu daga kanta ta dafa kafaɗarta, ta jawo ta bayanta. Ta ce, "Shiga kwandonki."

Na ce, "To ta zo mu tafi."

"Ba inda za ta. Mutane suna zuwa nan da 'ya'yan sata, su sauka da su inda ba mai bin sawu su sayar. Shi ya sa kakanninmu suka kafa tambaya uku. Yaron da aka tambaya sau uku ba mai shi, namu ne, ba ma zura shi."

Na ce, "Tawa ce! Ni na haife ta! 'Yar fari ce, a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce!"

Ta ce, "Kowace ɓarauniya tana da labari a ta huɗu. Ƙasashe nawa suka ratsa ta gabana, ban taɓa jin inda uwa take kunyar abin da ta haifa ba." Ta juya ga yarinyar. "'Yata, kada ki ji tsoro. Matar nan ta taɓa kiran sunanki?"

Yayarku ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Abin da ya kamata in yi ke nan, in dube ta ni ma. Amma wuyan da ya shekara goma sha biyar yana sunkuyawa bai san wani abu ba. Na sunkuyar da kai.

Yarinyar ta ce, "Ban taɓa ji ba."

"Ta taɓa cewa ke tata ce?"

"A Kallau ta ce ni kaya ce. Yau ma ta faɗa."

Ba da fushi ta faɗa ba. Yadda ake faɗin ranar kasuwa ta faɗa. Na buɗe baki in kira sunan ko da ba zai yi amfani ba, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ke!"

Uwar Igiya ta ce, "Kun ji." Aka buga ganga, alamar iska ta kusa juyawa. Ta ce mini, "In kina so ki zauna, ba mu kore ki ba, amma ita ko shekara ɗari kika yi ba za ta shiga kwando ba. In za ki sauka, yanzu ne."

Na tsaya tsakanin sama da ƙasa. A can ƙasa akwai jariri mai shan nono, da yara biyu, da mutumin da bai iya hura wuta ba. A nan akwai ɗaya. Nonona ya fara zuba ya jiƙa mini riga. Ita ta gani. Ta ce, "Ki tafi, Inna. Baƙo zai yi kuka."

Na shiga. Ta je ta kama igiyar tare da matan, cikin masu zura ni har da ita. Kwando ya fara sauka, fuskarta tana ƙanƙancewa a bakin dutse. Sai a lokacin sunan ya zo. Na ƙwala shi sau uku har na ji ɗanɗanon jini a maƙogwarona. Ruwan ya fi ni murya. Ko ni ban ji kaina ba.

Da kogi ya tofar da ni a kan yashi, kuna jere kuna jira. Ubanku ya leƙa kwandon ya ce, "Ina Uwata?"

Na san shi. In na faɗi gaskiya, zai shiga ta Ƙofar Yamma ya sha ruwa ya fita ta Ƙofar Gabas, kuma ba zan bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Wata shekara tara. Wata Kallau, wani sanyi, wani teku. Na tuna kaburburan yara da muka wuce a gefen hanya, waɗanda na daina ƙirgawa tun a shekara ta huɗu. Na ce, "Iska ta kaɗa kwandon. Ta faɗa."

Kwana arba'in bai yi magana ba sai da Ubangijinsa. Bayan wata biyu muka shigo Kalgari daga yamma. Ya ga ƙeyar gidansa, katanga ce da ta zube, tumfafiya ta fito a turken awaki. Rabin masu ce masa Malam Goruba sun mutu, sauran suka ce, "A'a, Malam, an dawo? Ya hanya?" Shi ke nan abin da muka samo. Ubanku ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ran da zai cika ya kama hannuna ya ce, "Tabawa, ta sha wuya?" Na ce, "A'a, nan da nan ne." Da wannan ya tafi.

To, ran Laraba da ta wuce kun ga wani ramammen baƙo mai kunne ɗaya ya yi sallama, na ce muku mai neman sadaka ne. Ba shi ba ne. Daga Gangaren Igiya ya sauko. Ya ce, "Ke ce Tabawa?" Na ce ni ce. Ya ciro wannan guntuwar igiya daga cikin rigarsa. Ku duba da kyau, kamu ɗaya ce, ku ƙirga silinta. Biyar.

Ya ce Uwar Igiya ta yanzu doguwar mace ce mai wushirya, furfura ta fara cin kanta, tana da 'ya'ya har da jikoki. Ya ce duk igiyar garin yanzu sili biyar ce, kuma tun da ta karɓi aikin ta canja abu ɗaya a dokar kakanninsu: sau huɗu take tambaya, kuma tana sauraron ta huɗun. Ya ce duk wanda zai sauka sai ta damƙa masa guntuwar igiya irin wannan ta ce, "In ƙafarka ta kai Kalgari, ka nemi wata mata Tabawa, ka tambaye ta yaya sunana. Ban ce ta zo ba. Ban ce ta aiko da komai ba. Amsar kawai nake so." Shi ne na goma sha tara da ta ba. Sauran ko ruwa ya ci su, ko sun ga ba dolensu ba ne.

Na ce masa, "Wa zai kai mata amsar?" Ya ce, "Iya, ni dai kawowa aka ce in yi."

Ga yadda abin yake. Tana can yamma da mu, tafiyar wata biyu, in gari ya yi garau tana hango dutsenmu. Amma mai zuwa wurinta sai ya fita ta gabas, shekara tara, in ya kai. Ni ƙafafun nan ko bakin rijiya ba sa kai ni. In za a kai amsar, sai wanda ya ji ta daga bakina ya ɗauka, ya tsaya a gabanta ya ce, na ji da kunnena. Shekarau, kana da gonaki da surukai, furfura ta kama gemunka. Ladidi, ƙafarki ba ta son sanyi, kuma hanyar ta cikinsa ta bi. Baƙo, kai ne mai sauran ƙarfi, amma matarka tana da tsohon ciki, kuma na san abin da hanya take yi wa mai iyali, ko ya tafi da su ko ya bar su. Mai yiwuwa wanda ya tafi ya mutu a teku. Mai yiwuwa ya isa ya tarar da kabari. In kuka ce ba mai zuwa, ba zan tsine wa kowa ba, sai ku sa igiyar a cikin likkafanina in je in ba ubanku amsa da kaina.

Ni ba zan zaɓa ba. Kun ji inda zaɓina ya kai mu tun daga gindin durumi.

Saura abu ɗaya. Ku matso, muryata ba ta da ƙarfi yanzu. Ladidi, daina kukan nan ki saurara, don ba a taɓa jin wannan a gidan nan ba.

Barira.

Barira. Barira, tawa ce, ni na haife ta.

Kun ji da kunnuwanku, ku uku. Ga igiyar nan na ajiye a tsakiyar tabarma. Ku tattauna a gabana, ba a bayan idona ba, ku yanke kafin wani ya tashi daga wurin nan: ɗauka za a yi, ko binnewa.